Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sadarwa, daga ma'aikatan rediyo da masu shirya fim na Maraɗi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muka rubuto wannan takarda ma'aikatan gidajen rediyo ne da masu shirya fim a jihar Maraɗi. Cikinmu akwai masu ɗauko labari, masu gabatarwa, masu kula da na'ura, da masu ɗaukar hoto da sauti. Mun rubuto muku da Hausa, kuma a bainar jama'a, saboda kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya tabbatar da Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna da haka. Amma talakan Mayahi ko Dakwaro ko ƙauyukan Madarumfa ba a takarda yake haɗuwa da hukuma ba. A rediyo yake jin ta, a allon salula yake ganin ta. Ta hannunmu wannan mataki zai bi kafin ya isa gare shi, kuma yadda muke a yau ba za mu iya ɗaukar nauyin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa muke son mu nuna muku wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Shekaru da dama mutanenmu sun saba jin labaran duniya da na gida daga tashoshin waje masu sashen Hausa, waɗanda gidajenmu ke kamawa su sake watsawa a zangon FM. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC a Disamban 2024, Muryar Amurka kuma ta yi shiru a Maris 2025 saboda dalilan cikin gidansu. Ba gardamar waɗannan matakai ta kawo mu ba. Abin da muke gani shi ne mai sauraro bai daina neman labari ba. Lokacin da ya saba kunna rediyo da safe da dare yana nan, kuma saƙonnin murya na WhatsApp da guntayen bidiyon TikTok ne suka gaje shi, inda ba a san mai magana ba, ba a san ranar da ya yi maganar ba, ba kuma wanda za a kama da laifi idan ƙarya ce.

Ga yadda labari ke mutuwa a hannunmu. A ce an kai hari cikin dare a wani ƙauye na bakin iyaka, a yankin Gidan Rumji ko Madarumfa, inda ɓarayin daji da masu satar mutane suka daɗe suna addabar jama'a. Da asuba waya ta iso ɗakin labarai. Ƙa'idar aiki ita ce ba a watsa irin wannan sai an ji daga majiya biyu da ba su haɗa baki ba, sannan an ji ta bakin hukuma. Sai a kira mai gari, a kira ma'aikacin asibitin da aka kai waɗanda suka ji rauni, a gwada adadin da kowannensu ya faɗa. Wannan yakan kammala kafin hantsi. Inda aiki ke tsayawa shi ne mataki na uku. Jami'in da ya san gaskiyar lamarin ko dai ba zai ɗauki waya ba, ko ya ce a jira sanarwa daga Yamai, domin shi ma yana tsoron abin da zai biyo baya. Labaran rana su wuce ba a ce komai ba, na yamma ma haka. Kafin nan saƙon murya ya zaga jihar sau uku, adadin mamata ya ninka, an canza sunan ƙauyen, an haɗa da hoton wani abin da ya faru a wata ƙasa. Mai ɗan'uwa a can ya kwana cikin fargaba, kasuwar mako ta watse, kuma washegari in rediyo ya faɗi gaskiya ba mai yarda da shi, don an riga an ce yana ɓoyewa.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A naɗa mutum ɗaya a fadar gwamnan kowace jiha, a san sunansa da lambarsa, a ba shi izini a rubuce ya amsa tambayar ɗan jarida cikin awa biyu. Ba dogon bayani ake nema ba. Ya ce abin ya faru, ko bai faru ba, ko ana kan bincike, ya faɗi wurin da adadin da aka tabbatar zuwa wannan lokaci, ya naɗi muryarsa da Hausa na minti ɗaya ya tura wa dukkan gidajen rediyo a lokaci guda. Mun yarda akwai abin da bai kamata a watsa ba ana cikin yaƙi, kamar motsin sojoji, yawansu da inda suka yi sansani. A rubuta jerin waɗannan a takarda ɗaya a ba kowane ɗakin labarai, mu manna a bango. Abin da ba ya cikin jerin kuma a bar mu mu yi aiki a kansa. Dokar Fabrairun 2011 kan damar samun bayanan hukuma ta riga ta ba ɗan ƙasa wannan haƙƙi, aiwatar da ita ne ya rage.

Wannan ya kawo mu ga maganar doka, kuma za mu faɗe ta yadda take. A 2010 Nijar ta soke hukuncin ɗauri kan laifuffukan aikin jarida, ranar 30 ga Nuwamba ta zama ranar ƴancin jarida ta ƙasa. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta dawo da ɗauri ta wata ƙofa, aka sassauta ta a 2022, sannan gyaran Yunin 2024 ya mayar da ɗaurin shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta intanet, da shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. Yau babu gidan rediyon da ba ya saka shirinsa a Facebook, don haka kowane labarinmu yana ƙarƙashin wannan doka. Matsalar ita ce ba a fayyace mene ne ke dagula zaman lafiya ba. Editan da bai san iyakar ba yakan ja da baya fiye da kima. Ba labarin tsaro kaɗai yake jefarwa ba, har da na takin da bai iso ba, na rijiyar da ta lalace, na malamin da bai zuwa aji. Gwamnati ce ta farko da ke asara a nan, domin waɗannan rahotanni su ne idonta a inda jami'inta ba zai so ya kai ƙarar kansa ba. Mutanen Maraɗi ba su manta da gobarar azuzuwan zana ta Nuwamban 2021 ba, wadda yara sama da 20 suka rasu a cikinta. Hatsari irin wannan, rahoton da ya dami hukuma tun kafin ya faru ya fi ta'aziyya bayan ya faru. Muna roƙon a tsara matakai: wanda labari ya taɓa ya fara da neman a ba shi damar mayar da martani a daidai lokacin da aka watsa labarin, in an hana shi ya kai ƙara gaban hukumar kula da kafofin watsa labarai, ta saurari ɓangarorin biyu, ta yi gargaɗi ko tara. Ofishin ƴan sanda ya zama matakin ƙarshe, ga wanda aka tabbatar ya ƙirƙiri ƙarya da gangan.

Sai batun fassara, wanda ba a cika lura da shi ba alhali kullum muna cikinsa. Har yanzu sanarwar majalisar ministoci da ta ma'aikatu da Faransanci suke isowa. Mai gabatarwa yana da ƴan mintoci kafin ya shiga ɗakin watsawa, shi ne mai fassara, shi ne mai tacewa, ba ƙamus a gabansa. Gida biyar su fassara sanarwa ɗaya, mai sauraro ya ji abu biyar. Mafi hatsari shi ne kuɗi. Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, dala ɗaya sefa 5. Idan takarda ta ce 500, mai karatu ya ce "ɗari biyar" bai ƙara komai ba, mutumin ƙauye zai ji dala ɗari biyar, wato sefa 2,500, alhali dala ɗari ake nufi. Ku duba abin da wannan zai haifar ranar da ake sanar da farashin hatsin da OPVN, hukumar abinci ta ƙasa, ke sayarwa da rahusa, ko kuɗin ganin likita. Haka ma awo: takarda na magana da kilo da tan, kasuwa na magana da tiya da buhu, kuma tiyar hatsi kusan kilo 2 da rabi ce, buhu mai kilo 100 kusan tiya 40. Abin da muke nema shi ne kowace sanarwar da ta shafi jama'a ta fito daga ma'aikata tare da fassararta ta Hausa da sauran harsunan ƙasa, a rubuce da ƙa'idar rubutun da aka tsayar tun 1999, kuɗi a faɗe shi da dala da jika. A kuma haɗa malaman harshe na Jami'ar Abdu Mumuni da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo da tsofaffin masu gabatarwa na Muryar Sahel su fitar da ƙaramin littafin kalmomin mulki, shari'a, lafiya da noma, a raba shi ta waya. Mu da abokan aikinmu masu Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci matsalarmu ɗaya ce a nan, kada a yi wa Hausa a bar su.

Duk wannan ba ya amfani idan na'ura a kashe take. Wutar Maraɗi ta daɗe tana dogara da layin da ke zuwa daga Katsina, kuma mun ga abin da ya faru da aka yanke shi a Agustan 2023. Bari mu ba ku lissafin gidan rediyo matsakaici. Na'urar watsawa mai wat 1,000 tana jan kusan wat 1,500 daga layi. Ɗakin shiri da kwamfutocinsa da mahaɗar sauti kusan 500. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda dole ce don zafin Afrilu da Mayu na wuce digiri 40, kusan 1,000. Jimla kilowat 3. Injin gurup mai gazuwal da zai ɗauki wannan yana shan lita ɗaya da ɗoriya a awa. In wuta ta ɗauke awa 8 a yini, kusan lita 10 ke nan, kuma a farashin sefa 618 da aka tsayar a Yulin 2024, wata ɗaya ya haura sefa 180,000, ban da man inji da gyara. Gidan da sanarwar aure, rasuwa da cigiya ke riƙe da shi ba zai iya ba. Sai ya rage awannin watsawa, ko ya kashe na'urar sanyi, zafi ya ƙone masa ƙwaƙwalwar na'urar watsawa, a jira kayan gyara makonni.

Hasken rana ne mafita, amma sai an auna shi daidai. Awa 16 na watsawa a kilowat 3 kusan kilowat-awa 48 ne a yini. A nan kilowat ɗaya na allon sola yakan ba da kusan kilowat-awa 4 bayan an cire asara, don haka ana buƙatar kusan kilowat 12, wato alluna 22 masu wat 550. Awa 6 na dare suna cin kilowat-awa 18. Batir na dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 rabin abin da ke cikinsa kawai ake ja in ana son ya daɗe, don haka sai an jera aƙalla 15. Inda ake kuskure shi ne a sayi rabin wannan don sauƙin kuɗi, a riƙa tatse batir har ƙasa kowane dare a ɗaki mai zafi, kafin shekara ta zagayo ya mutu, a ce sola ba ta da amfani. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ke kashe manyan kaya. Ƙurar hunturu tana rufe alluna da matatar iskar na'ura, sai an share kowane mako. Ruwan damina in ya shiga mahaɗar wayar eriya, ƙarfin da aka tura sama yakan dawo wa na'ura, ta rage murya ko ta ƙone. Tsawa kuma na bin dogon ƙarfen eriya in ba a binne masa sandar tagulla mai kyau a ƙasa mai laima ba. Gidajen rediyon karkara masu ƙaramar na'ura buƙatarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba, amma su ne ba su da mai gyara kusa. Roƙonmu shi ne a cire kuɗin kwastan kan kayan watsa shiri da na sola da gidan rediyo mai lasisi ya shigo da su, tallafin kafofin watsa labarai ya zo a matsayin kayan da ƙwararre ya auna ya girka, a kuma ajiye masu gyara biyu ko uku a jihar da za su riƙa zagayawa da kayan awo kafin damina da bayanta.

Rashin kuɗi yana ɓata fiye da na'ura. Gidan da ya matsu yakan sayar da awa guda ga mai maganin da ke cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da kwalba ɗaya. Ɗan jaridan da ba a biya ba yakan dogara da kuɗin mota daga mai taro, kuma wanda ya biya motar shi ke da labarin. Idan sanarwar gwamnati da ta kamfanoninta za a raba su ga gidaje bisa farashin da kowa ya sani, a biya cikin kwana 60, a sharɗanta cewa sai gidan ya nuna takardar albashin ma'aikatansa, da yawa daga cikin wannan zai ragu.

Game da fim, Nijar ba baƙuwa ba ce. Umaru Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, Mustafa Alasan kuma yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Amma abin da ake kallo a gidajen Maraɗi a yau kusan duk daga Kano yake zuwa. Ba ma ƙyashin ƴan'uwanmu, harshe ɗaya ne, da yawa cikinmu a wurinsu suka koyi aiki. Sai dai labarin Gobir da Katsinar Maraɗi, na fataken Ɗan Isa, na matan da ke noman rani a bakin Gulbi, na matasan da ke tafiya cirani Libiya da Aljeriya, ba wanda zai ba da shi in ba mu ba.

Abin da ke kayar da finafinanmu ba kamara ba ne, domin wayar hannu mai kyau ma tana ɗaukar hoton da za a iya kallo. Sauti ne. Ana dogara da makirfon da ke jikin kamara daga nisan taku biyar, sai iska da kukan babur da amsa-kuwwar ɗakin siminti su rufe magana. Makirfo kamata ya yi ya kasance a kan sanda, bai fi rabin mita daga bakin mai magana ba, da rigarsa ta kare iska, mai ɗaukar sauti na sauraro da abin kunne. Injin wuta a kai shi nesa da aƙalla mita 30, bayan katanga. A kowane wuri a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya don cike giɓi lokacin tacewa, a kuma tafa hannu gaban kamara a farkon kowace ɗauka don a daidaita baki da murya. Wani kuskuren shi ne barin waya a kan hoto 30 a daƙiƙa, alhali wutarmu mai zagaye 50 ce, sai fitilun ɗaki su riƙa ƙyaftawa a hoton. A saita 25. Sannan aikin yini a kwafe shi wuri biyu kafin a kwanta, domin katin ajiya na jabu ya cika kasuwa. Duk wannan horon mako biyu ne. Cibiyar fim ta ƙasa, CNCN, tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan. Muna neman ƙaramin reshe a Maraɗi: ɗaki ɗaya mai kayan sauti da fitilu na haya, kwamfutar tacewa biyu, da jami'in da zai ba da izinin ɗaukar fim a nan cikin mako guda, takardar da jami'an tsaro za su gani su gane, don a daina tsayar da masu kamara a titi.

In an gama fim kuma, kasuwa ce babu. Faifai ya mutu. Masu tura fim a waya a bakin kasuwa suna sayar da aikin mutum ranar da ya fito, bai ga ko dala ba. YouTube na biya ne bayan tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ƙasashen yankin nan da aka buɗe wa tsarin kaɗan ne, irin su Najeriya, Ghana da Senegal, shi ya sa da yawa sai sun bi ta hannun wani a ƙetare, a raba kuɗin da shi. Masu turawar ba abokan gaba ba ne, matasa ne masu neman abinci, kuma su ne hanyar rarraba fim mafi faɗi da muke da ita. Hukumar haƙƙin mallaka, BNDA, ta yi musu rajista, su riƙa biyan ɗan kuɗi ƙayyadadde kowane wata, a raba wa masu finafinan da aka yi wa rajista, su kuma a ba su aikin na asali. Tele Sahel kuma ta ware lokaci tsayayye a mako ga wasannin da aka shirya a jihohi, ta saye su da yarjejeniya a rubuce. Misali, shiri mai kashi 13, kowanne minti 26, a biya kashi 40 cikin ɗari da sa hannu, 30 in an gama ɗauka, 30 in an miƙa, haƙƙin nunawa na shekara biyu, daga nan fim ya koma hannun mai shi. Sharaɗi ɗaya muke roƙo a kansa da babbar murya: kada a mayar da shi wasan yabon hukuma. Mai kallo yana gane wa'azin da aka sa wa rigar wasa tun fitowar farko, ya canza tasha. A zaɓi labari don ya yi kyau, kwamitin zaɓen ya ƙunshi marubuta da masu sana'ar, a buga sunayen waɗanda aka zaɓa da dalili.

Ranku ya daɗe, muna roƙon ku turo tawaga Maraɗi, cikinta har da injiniya da masanin doka, kuma su zo a watan Afrilu. Su yini a ɗakin labarai tun daga wayar asuba har labaran dare, su shiga ɗakin na'ura da tsakar rana, su leƙa gidan rediyon karkara ɗaya a Tasawa ko Agye, su zauna da masu tura fim a kasuwa. Za mu ajiye musu takardun kuɗin mai, jerin kayan da suka ƙone da kwanan watansu, da sanarwar da muka fassara tare da asalinta, su gwada da kansu.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan gidajen rediyo da masu shirya fim na jihar Maraɗi